Na Ga Doguwa a Tashar Ƙarshe

Shafi na 23

(Masu aiko min da saƙo safe da yamma wai na bar ku a rataye, na gani, kuma kun fi ni gaskiya. Jiki ne ya ƙi kwana biyu. Ga Auta nan, ku ba ta kunne.)

Ranar hutuna ce, amma jikina bai san da zancen ba.

Gari bai gama wayewa ba idona ya buɗe. Na kwanta ina kallon silin, kafaɗuna na min zugi kamar wadda ta kwana dakon kaya. A ƙarƙashin wani babban otal nake aiki, ɗakin wanki, wurin da ko taga babu. Ni ce a bakin injin guga. Ki kama bakin zanen gado, abokiyar aikinki ta kama ɗaya bakin, ku miƙa wa injin, ya haɗiye, ya fito da shi ta baya da zafinsa, ku ninke. Kafin ki ɗago wani ya iso. Tururi ya dafa min fuska, bayan hannuna duk tabon ƙuna ne.

Abokiyar aikin nawa ba ta jin yarena, ni ma ba na jin nata. Da gira muke hira.

Wani lokaci sai in yi kwanaki ban furta kalmar Hausa ko ɗaya da wani mai rai ba. Har na fara yi wa zannuwan gado magana. In ɗaya ya naɗe a injin sai in ce, “Kai ma yau da rigima ka tashi?”

Na jawo waya na buɗe gurup ɗinmu. Mu uku ne tun muna aji ɗaya a sakandare: ni, da Doguwa, da Uwar Biyu. Uwar Biyu ta ajiye saƙon murya mai tsawo, rabinsa ba da mu take ba, da tagwayenta take. Ɗaya ya zuba mata omo a tukunya, ɗaya ya cusa maɓalli a hanci. A ƙarshe ta ce in daina turo musu hoton bishiyoyi, su ma suna da bishiya, in turo musu hoton miji.

Na yi dariya har sai da na ji ƙwalla.

Doguwa kuwa, ma’aikaciyar jinya ce, kuma ita ce aminiyar da ko tari na yi sai ta ji. Amma ta daɗe da sauya min. Ba ta ɗaga kiran bidiyo, wai kyamarar wayarta ta fashe. Saƙon murya ma ta rage. Sai dai ta rubuto layi biyu ta ɓace. Na ɗauka abin da nisa ke yi wa mutane ne. Na ce wa kaina kowa da hidimar gabansa.

Ina cikin shan shayi a tsaye Mama ta kira. Ta tambayi lafiyata, ta tambayi sanyi, ta ce na rame. Sannan ta yi shirun nan nata da na sani.

“Yau za ki fita?”

“Zan fita, Mama.”

“To. Ki dai riƙa duba fuskokin mutane.”

Kullum haka take rufe waya ranar hutuna. Yayana, babban ɗanta, ya bar gida kusan shekara goma ke nan. Ya ajiye karatun likitan da Baba ya ƙwallafa rai a kai, suka yi faɗan da maƙwabta suka ji, Baba ya ce kada ya sake taka masa gida. Yaya ya ɗauki maganar da gaske. Da farko yana kiran Mama a ɓoye, daga baya layin ya mutu. Garin nan ne wuri na ƙarshe da ya ce yana zaune. Da aiki ya kawo ni nan, Mama ba ta ce in nemo shi ba. Ba ta taɓa faɗa da baki ba. Fuskoki kawai take cewa in duba.

Shi ya sa duk hutu nake hawa bas ɗin da ban taɓa hawa ba, in zauna jikin taga har sai direba ya kashe mota.

Da haka na san garin. Na san unguwar da gidaje ke da lambu a gaba, ba ka ganin kowa sai karnuka da masu jansu. Na san titin masu gyaran waya, inda kowane shago ke kiɗansa daban. Na san gadar da in bas ya hau kanta kogin ke bayyana gaba ɗaya, toka-toka, da ƙananan jirage a kai. Gari ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai kyan da ba ki da wanda za ki taɓa ki ce “ke, dubi can”, gajiya yake ƙara miki.

Yau bas ɗin ya yi ta tafiya har gidaje suka fara raguwa. Yayyafi ya sauko. A tashar ƙarshe mu biyu muka rage, ni da wani tsoho mai sanda. Na sauka na tarar da wani ƙaton asibiti mai farin fenti a tsallaken titi, gefensa kantin magani, da wani ɗan shagon shayi mai tebura huɗu. Sanyi ya kore ni cikin shagon.

Na karɓi kofina na zauna a lungu, ina ɗumama yatsuna a jikinsa.

Sai wata mata ta shigo tana kakkaɓe lema.

Bayanta kawai nake gani. Mace ce mai tsawo sosai, da kayan ma’aikatan asibiti a ƙarƙashin rigar sanyi. Ta shiga layi. Ban kula ta ba da farko, don na gaji da ganin mutanen gida a bayan baƙi. Sau nawa ina bin wani a titi da bugun zuciya, ya juyo in ga hancin da ban sani ba.

Amma sai ta ɗage ƙafar dama, ta sa kan takalminta tana sosa ƙwaurin hagu, tana tsaye a ƙafa ɗaya kamar zalɓe.

Kofin ya kusa suɓuce min.

Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan tsayuwar. A kanta malamin lissafi ya taɓa fitar da ita gaban aji.

Na ce wa kaina, Auta, kewa ta fara taɓa miki kai. Na ciro waya na rubuta a gurup: *Doguwa kina ina?*

Matar ta sa hannu a aljihu. Ta ciro waya. Ta sunkuyar da kai tana dannawa da babban yatsa ɗaya.

Tawa wayar ta yi motsi.

*Ina gida wallahi. An ɗauke wuta tun jiya, zafi kamar zai kashe mu. Ya hutu?*

Na karanta. Na sake karantawa. Na ɗago na kalli ruwan da ke ɗiga daga lemarta.

Ban yarda ba tukuna. Na danna kira.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Ta kalli fuskar wayar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta danne gefen, ƙarar ta mutu, ta mayar aljihu.

Wannan danna gefen da ta yi, shi ya fi komai yi min ciwo. Ashe haka ake yi min. Ashe duk ranar da na zauna a bakin gado ina jin kiran na shiga har ya katse, haka hannun yake yi a can.

Na tashi. Na tsaya a bayanta daf, har ina jin ƙamshin man da take shafawa tun muna ’yan mata.

“An dawo da wutar?” na ce.

Ba ta juyo nan take ba. Kafaɗunta ne suka fara sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu daga kai. Da ta juyo, ba tsoro na gani a fuskarta ba. Gajiya ce, irin tawa.

“Auta.”

“Kada ki kira sunana.”

Mai shagon ya miƙo mata kofi, ba ta ko gan shi ba. Ta kama hannun rigata ta ce mu fita, mutane na kallo. Na fizge, amma na bi ta. Muka tsallaka muka shiga rumfar jiran bas. Babu kowa, sai ruwa da ke buga rufin roba.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin sanyi ya shigo.

Na yi lissafi a raina. Ganye ya zube a gabanta, ya fara tsirowa a gabanta. Duk muna shaƙar iskar gari ɗaya.

“Uwar Biyu ta sani?”

“Ta san na zo. Ni na roƙe ta ta yi shiru.”

Na zauna a kan bencin ƙarfen, sanyinsa ya ratsa ni. Wato su biyu suna da wani gurup ɗin da babu ni. Ina turo musu hoton gada, suna cewa kai gari ya yi kyau, alhali ɗaya a cikinsu ta kanta take bi ta je aiki.

Ban yi ihu ba. Ko ƙarfin ihun ba ni da shi. A hankali na riƙa faɗa mata abin da ke cikina, kamar mai zazzage jaka. Na tuna mata ranar da shugabar aikinmu ta zage ni a gaban mutane kan tawul ɗin da ba ni na ƙona ba, na shiga banɗaki na kira ta ba ta ɗaga ba. Na tuna mata ranar da na ɓata a jirgin ƙasa, wayata saura kaɗan ta mutu. Na tuna mata zazzaɓin da ya kwantar da ni, na aika mata da murya ina kuka, ta rubuto wai da tana kusa da ta zo.

“Na zo,” ta ce.

Na ɗago.

“Na zo har ƙofar gininku. Maganin da matar da kuke ɗaki ɗaya ta ba ki, da lemon, kin ɗauka ita ta saya? Matar da ko gaisuwarki ba ta amsawa?”

Na tuna ledar. Na tuna yadda matar ta ajiye min ita a bakin gado ba tare da ta kalle ni ba. Har godiya na yi ta yi mata, tana kawar da kai.

“Kina ƙasa, ina sama ina kiran sunanki,” na ce. “Matakala ce ta gagare ki?”

“Fuskarki ce ta gagare ni.”

“Me na yi miki?”

“Ba ki yi min komai ba. A rubuce zan iya yi miki ƙarya. Ido da ido ban taɓa iyawa ba, kin sani.”

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta bar fili a tsakaninmu. Ta cire hular ruwan da ke kanta tana murzawa. Sai a lokacin na lura ita ma ta zabge. Ƙasan idonta ya yi baƙi.

Ta fara ba ni labari, idonta a kan titi. Ta ce ta yi jarrabawar aikin nan a ɓoye don kada ta sa min rai abin ya ƙi. Da ta ci, ita da Uwar Biyu suka shirya za ta zo ta ƙwanƙwasa min ƙofa da akwatinta, Uwar Biyu na kan bidiyo tana kallon yadda zan suma. Har gyalen da za ta kawo min ta saya, yana nan a ledarsa. Ta ce ta bari ne kawai ta kama aiki, ta san hanya, ranar hutunta na farko ta zo.

“To me ya hana?”

Ta nuna asibitin da haɓa.

“A makon farko aka tura ni ɓangaren wankin ƙoda. Aka ce in sa wa wani mutum allura a hannu. Na sunkuya ina neman jijiya, ban ma kalli fuskarsa ba. Sai na ji an ce, da Hausa, ‘Doguwa, har yanzu ba ki daina tsawo ba?’”

Wani bas ya iso, ya buɗe ƙofa, ya jira mu, ya rufe ya wuce.

Na san maganar. Mutum ɗaya ne ke tsokanarta da ita duk ranar da ta shigo gidanmu, yana zaune a kan mashin ɗin Baba yana cin gyaɗa.



“Ki faɗa da baki,” na ce.

“Yaya ne, Auta.”

Na daɗe ina zaton ranar da zan ji wannan maganar tsalle zan yi, ko in faɗi. Babu wanda na yi. Na kalli takalmana kawai, waɗanda suka sha yawon garin nan har ƙasansu ya cinye. Na bi kasuwanni, na bi tashoshi, na leƙa wuraren gyaran mota, na gaisa da baƙin da ba su san me nake nema a fuskarsu ba. Ashe yana kwance a ƙarshen wani layin bas, aminiyata na auna masa jini.

“Yana raye,” na ce, don in ji yadda kalmar take a bakina.

“Yana raye. Ƙodojin ne duka biyu suka tsaya. Inji ke riƙe da shi.”

Na tambaye ta da wace zuciya ta iya kallon Mama a hoto, ta iya karanta saƙonnina na ranar hutu, ta yi shiru. Ta ce ba ta iya ba, shi ya sa ta yi ƙaryar fashewar kyamara. Ta ce ranar da ya gane ta, bai bari ta cire safar hannu ba sai da ya sa ta yi masa alkawari. Ya ce in ta faɗa wa wani na gida, zai nemi a mayar da shi wani asibitin a wani gari, kuma wannan karon ko ita ba za ta gan shi ba.

“Kin san zai iya,” ta ce. “Wanda ya yi shekara goma.”

“Ya san ina garin nan?”

“Na faɗa masa. Ya sa na nuna masa hotonki. Ya riƙe wayar har injin ya gama.”

“Amma ba ya son ganina.”

“Ba haka ba ne.”

“To yaya ne?”

Ta juyo ta kalle ni sosai, karo na farko.

“Likitoci sun ce dashen ƙoda ne mafita. Sun tambaye shi ko yana da ɗan’uwa na jini da za a gwada. Ya ce ba shi da kowa. A gabana ya faɗa.”

Ta ci gaba.

“Da suka fita na yi masa faɗa. Ya ce, ‘Na san Auta. In ta ji, ba za ta tambayi kowa ba, hawa gado kawai za ta yi ta ce a yanka. Ban ɗauke ta a kafaɗa tana ƙarama don ta girma in ciri naman jikinta ba. Abin da na ɗauke wa gidan nan ya isa haka.’”

Ruwan ya ƙaru. Na sa hannu a gefen cikina ba tare da na sani ba, sai da na ga Doguwa ta bi hannun da ido na janye shi.

Fushin da nake ji bai tafi ba, wuri kawai ya sauya. Ban san wa zan ɗora wa ba. Ita da ta ɓoye, ko shi da ya yanke hukunci a kan jikina ba tare da ya tambaye ni ba, ko Baba da ya furta kalma ɗaya ta cinye mana shekaru.

“Doguwa, kina ɗakin ranar da Baba ya rasu,” na ce. “Ke kika riƙe Mama. Kin ji abin da ya yi ta tambaya har numfashinsa ya tsaya, ko an ji labarin yaron nan. Kin ji da kunnenki. Kuma kika samu yaron kika zauna a kai.”

Ta rufe fuskarta da hular.

“Maganar Baba, Auta, akwai abin da…”

“Ba na son ji. Kada ki sa bakinki a maganar mahaifina.”

Ta haɗiye sauran.

Can ta duba agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta, ta ce hutunta ya ƙare tuntuni, za a neme ta. Ta miƙe. Ta yi taku biyu ta tsaya, bayanta gare ni.

“Na gaji,” ta ce. “Wallahi na gaji. Ina fita aiki in ga Yaya, in koma ɗaki in ga saƙonki. Ba ni da inda zan ajiye kaina. Ni ma baƙuwa ce a garin nan, Auta. Ni ma ban da kowa. Aminiyata na nan bas biyu tsakaninmu, ina cin abinci ni kaɗai ina kallon bango.”

Wani abu ya saki a ƙirjina, kaɗan.

“Yau ranarsa ce,” ta ce. “Yana kan injin yanzu haka.”

Na miƙe.

“Alkawarin fa?”

“Na yi alkawarin ba zan faɗa miki ba. Ban yi alkawarin zan daina sosa ƙafa ba.”

Ban yi niyyar dariya ba. Wani sauti ne ya fito min ta hanci, rabi dariya rabi kuka. Ta buɗe lema, muka shiga ƙarƙashinta mu biyu kamar yadda muke yi in an taso mu daga makaranta, ita tana riƙewa don ni hannuna ba ya kaiwa.

A ƙofar asibitin ta yi wa mai gadi magana da yarensu, ya kalle ni ya gyaɗa kai. Muka hau bene, muka bi wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. A bakin wata ƙofa mai gilashi ta sa na cire rigar sanyi, na wanke hannu, ta ɗaura min ƙyallen rufe hanci. Tana ɗaurawa tana ja min kunne da murya ƙasa-ƙasa. Kada in yi kuka da ƙarfi. Kada in taɓa hannun da ke da allura. Jininsa na hawa da sauka yadda ya ga dama, ran nan ma sai da aka tsayar da injin saboda wani abu ya ɓata masa rai. Duk abin da zai girgiza shi, in bari sai an cire shi.

“Kin ji ni? Duk abin da zai girgiza shi.”

Na ce na ji.

Ɗakin babba ne, da haske sosai. Kujeru masu kwantawa a jere, kowace da injinta a gefe, siraran robobi cike da jini suna fita daga hannun mutum su shiga injin su dawo. Wata tsohuwa na saƙa da hannu ɗaya da haƙora. Wani na barci baki buɗe. Talabijin na aiki a bango babu murya. Idona ya faɗa kan zannuwan da aka lulluɓe su da su, na ga ba a yi musu guga da kyau ba, duk sun yi layi a tsakiya. Ban san me ya sa wannan ne abin da kaina ya iya kamawa ba.

Doguwa ta tsaya a kujerar ƙarshe, jikin taga.

Da a titi na gamu da shi, da na wuce. Duk duba fuskokin da na yi, da na wuce shi.

Yayana da ke ɗaga buhu da hannu ɗaya ya koma ƙashi. Fuskarsa ta kumbura, furfura ta cinye gemunsa. Yana sanye da hular sanyi har gira, idonsa a rufe. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kamannin da ya koma. Baba ne sak, Baba na kwanakin ƙarshe, har yadda yake ɗan buɗe leɓe in yana barci.

Doguwa ta taɓa kafaɗarsa.

“Yaya.”

Ya buɗe ido a hankali. Ya kalle ta, ya fara murmushi. Sai idonsa ya sauko kaina.

Ƙyallen ya rufe min rabin fuska, amma bai yi ko daƙiƙar shakka ba. Murmushin ya tsaya inda yake. Ya mayar da ido kan Doguwa, kallon da ya yi mata ya sa ta sunkuyar da kai.

“Ba ita ta faɗa ba,” na ce. “Ni na kama ta.”

Injin na ta juyawa. Sannan ya ɗago hannun da babu allura, ya ɗora a kaina, kamar yadda yake yi in na kawo masa sakamakon jarrabawa. Hannun babu nauyi ko kaɗan.

“Auta,” ya ce. Muryar ta dushe, amma tasa ce. “Wa ya ba ki izinin girma haka?”

Na durƙusa a gefen kujerar. Na cije leɓe kamar yadda aka ce min. Hawayen suka jiƙa ƙyallen.

Ya tambayi Mama. Na ce tana lafiya, kullum da sunansa take kwana. Ya rufe ido. Ya ga tabon ƙunar da ke hannuna, ya shafa da babban yatsa, bai tambaya ba.

Sai ya gyara kwanciya, ya ɗan yi tari, kamar mai tattaro ƙarfin hali.

“Doguwa ta ce min gwiwa ta hana Baba hawa mashin,” ya ce. “Wai yanzu sai dai ya zauna a ƙofar gida da rediyonsa.”

Ashe bai san Baba ya rasu ba.

Na juya na kalli Doguwa. Ta kafe idonta a kan lambobin da ke jikin injin. Ba ta kalle ni ba. Kanta kawai ta girgiza, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

Yaya ya matse yatsuna.

“Na daɗe ina shirya abin da zan ce masa, Auta. Kullum a kan kujerar nan nake maimaitawa. Tunda Allah ya kawo ki, ciro wayarki.”

Ban motsa ba.

“Kira min shi,” ya ce. “Yanzu, kafin zuciyata ta karaya.”